Wata Bakwai Ina Ɓoye Yatsuna

Ku da kuke yawan rubuto min cewa ni yarinya ce mai biyayya, yau ku ɗan ajiye yabon nan a gefe tukuna. Har yanzu da nake muku wannan rubutu bakin yatsuna na hagu raɗaɗi suke min, zuciyata kuwa ba a magana.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni malama ce a makarantar firamare, shekarata ashirin da huɗu, kuma na iya kaɗa jita. Ba iyawar wasa ba. Shekara biyar na yi ina koyo a wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, a ɗan shagonsa da ke bayan kwalejin da na yi. Wannan iyawar ce ta kori wanda ya fara nemana. Wata ƙawata ta ɗauke ni a waya ina kaɗawa a ɗakina, ta ɗora a shafinta, kafin kwana uku danginsa suka aiko wai su ba su da makaɗa a zuri'a. Mama ta kwana biyu ko ruwan kirki ba ta sha ba.

Shi ya sa da Mai Awo ya fito, ba ta tsaya shawara da ni ba. (Aikinsa awon filaye ne, kuma ko magana zai yi sai ya auna ta tsawo da faɗi, shi ya sa na laƙaba masa sunan.) Ta naɗe jitata a tsohon bargo, ta ɗora a saman kwabarta, ta danne da akwatuna biyu.

"Ko sunanta kar na ji a bakinki sai kin shiga ɗakinki," in ji ta. "Can kya lallaɓa shi. Ba za a yi min biyu ba."

Ba ta tsaya nan ba. Duk mai kaɗa jita yana da kanta a bakin yatsunsa na hagu, saboda danna tsirkiya. Mama ta ce kantar nan shaida ce. Kullum da safe, kafin na tafi aiki, sai na ji, "Kawo hannun." Ta sa dutsen goge kaushi ta murje, ta bi da man shafawa. Wata bakwai ana haka. Yatsuna suka koma luɓus kamar na jariri, ni kuma na koma kamar wadda aka cire wa harshe.

Ranar Asabar da hantsi ina tsugune gaban bahon wanki, wayata ta yi ƙara a kan taga. Saƙon Mai Awo ne.

*Malama, kina da aiki yau?*

Na goge hannu a zani. *Sai wankin da ba ya ƙarewa.*

*Ki bar shi, ba guduwa zai yi ba. Rakiyar sayayya nake so. Idonki ya fi nawa.*

*Sayayyar me?*

*Sai kin shigo mota.*

Mama da ta leƙa ta kafaɗata ta karanta, har da 'yar guɗa ƙasa-ƙasa. Ita a zatonta zobe ne ko kujeru. Da kanta ta ciro min doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a bakin hannu, ta ce mayafi ruwan hoda ya fi shiga da ita, ta hana ni takalmi mai tsini wai kar na fi shi tsawo. A bakin ƙofa ta fesa min turare, ta juya tafin hannuna ta duba kamar mai duba ƙwai.

"Ki rage surutu. Saura kwana tara manyansa su zo."

Ina zama a motar ya miƙo min wayarsa. "Karanta min, ni ina tuƙi."

Jerin shaguna uku ne ya rubuta. A sama ya sa: *Inda ake sayar da jitar katako, wadda ba ta buƙatar wuta.* Wallahi sai da na sake karantawa. Na ɗaya a layin masu kayan lantarki. Na biyu a sabon ginin kantuna. Na uku: *bayan tsohuwar kwaleji, jikin mai walda.*

Shagon Baba ne, dattijon da ya koya min jita. Shagon da na yi shekara biyar ina share masa dattin katako.

"Jita?" Na ɗago daga wayar. "Me za ka yi da jita?"

Sai da ya auna maganar tukuna. "Abbana. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye hannun hagun bai dawo daidai ba. Likitan da ke masa gashi ya ce a nemo masa wani abu da yatsun suka sani tun da, ko za su tuna. Aka yi ta tambayarsa, carbi, alƙalami, bai kula kowa ba. Shekaranjiya ina gyara masa filo ya ce min, 'Jita.' Kalma ɗaya. Ashe da ƙuruciyarsa yana kaɗawa."

"To ina tasa?"

"Hajiya ta bayar da ita kyauta yana wurin aiki, watansu biyu da aure." Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Har yau in aka sa kiɗa a talabijin tashi take yi daga falo."

Jama'a, Hajiyar nan ita ce za ta zama surukata.

"Ke kin san wani abu a kanta?" ya tambaya, idonsa a kan titi.

Na cusa hannun hagu a ƙarƙashin mayafi. "Ni? A ina zan sani?"

Shagon farko ba shagon jita ba ne, shagon lasifika ne da fanka da janareta, sai jita huɗu da aka rataye can sama cikin leda, ƙura ta yi musu hula. Mai shagon ko tashi bai yi ba.

"Za mu iya gwadawa?" in ji Mai Awo.

"Ba a buɗe leda, Alhaji. In an buɗe an saya."

"To ta yaya zan san muryarta?"

"Duk muryarsu ɗaya. Ka zaɓi launi."

Na cije leɓe har sai da na ji gishiri. Jitar da ba a bari ka taɓa ba, ko kyauta ce ka yi godiya ka wuce. Allah ya taimake ni shi ma bai gamsu ba, muka fito.

"Mu fara zuwa na ukun?" ya ce a mota. "An ce tsohon ya san aikinsa."

"A'a!" Na faɗa da ƙarfin da ya sa ya waigo. Na sassauta. "Ai hanyar can ta lalace, za ka kashe mota. Kuma irin waɗannan wuraren tsofaffin kaya suke sayarwa."

Ƙarya ta biyu ke nan a cikin awa ɗaya. Kuma a kan mutumin da bai taɓa ce min na yi yawa a shagonsa ba.

Shago na biyu kuwa sai ka rantse ɗakin amarya ne. Sanyin na'ura, fitilu ƙanana suna haska jita kusan talatin a jikin bango, ƙasa kamar madubi. Wani matashi mai gyararren gemu ya taho yana murza hannu.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa! Hajiya, bismillah ga kujera. Ta kyauta ce ko ta kanka?"

"Ta mahaifina ce. Mai kyau nake so, wadda ta fi kowacce."

"Ka zo gida!"

Ya sauko da wata baƙa wuluk, tana sheƙi, an zagaye bakin raminta da ado mai walƙiya. Ya ɗora ƙafa a kan kujera, ya barbaɗa mata hannu da ƙarfi, sau uku, sau huɗu. Shagon ya cika da ƙara. Mai Awo ya gyaɗa kai, fuskarsa ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba tun da Abbansa ya kwanta.

Ni kuwa daga inda nake zaune ta gefe nake ganinta, kuma ta gefe ne jita ba ta iya ƙarya. Tsakanin tsirkiyoyin da wuyanta akwai ratar da fensir zai wuce bai taɓa komai ba. Tsirkiyoyin ƙarfe ne masu kauri. Mai lafiya ma sai ya yi gumi kafin ya danne su, balle tsohon da cokali yake faɗuwa daga hannunsa.

Mai Awo ya karɓa ya gwada dannawa da yatsa ɗaya. Ya yamutsa fuska. "Da tauri."

"Haka sabuwa take, ranka ya daɗe. Sati biyu za ta saba."

Ba ta sabawa. Wuyan da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an yi haƙuri da shi. Na hango Abba a kan kujerarsa, an ɗora masa abin da ya shekara talatin yana kewa, ya kai yatsa ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya ɗauka hannunsa ne ya mutu gaba ɗaya, ya juya fuska bango. Daga nan ko kalma ɗayar ba za a sake ji ba.

"Malama, ya kika gani?" Mai Awo ya juyo yana murmushi. "Ta yi?"

Muryar Mama ta taso min a kunne. *Saura kwana tara.*

"Tana da kyau," na ce.

Allah ya yafe min. Na faɗa.

"A sa mana a jaka," in ji shi, ya shiga laluben aljihu.

"Hajiya, ɗan riƙe min na ɗauko jakarta," in ji mai gemu. "A hankali, kar farce ya taɓa fentin."

Ya ɗora min ita a hannu ya shige ciki.

Ku yarda da ni, ban yi niyya ba. Wata bakwai rabon da na ji nauyin katako a cinyata. Hannuwana ba su nemi izinina ba. Na ɗaga ta, na kanne ido ɗaya na bi tsawon wuyanta da kallo kamar maharbi, yadda Baba ya koya min. Babban yatsana ya taɓa tsirkiya ta huɗu, na ji ta sauka daga inda ya kamata, hannun hagu ya haura ya murɗa kunnen da ke ɗaure ta kaɗan, ta hau daidai. Duka bai fi numfashi uku ba.

Da na ɗago, Mai Awo yana tsaye da katin banki a hannu, ya daina motsi.

Akwai sauran hanyar gudu. Zan iya cewa a waya na taɓa gani. Zan iya yin dariya. Ya dube ni, na dube shi.

"Kar ka saya," na ce.

"Me?"

"Kar ka saya. Abba ba zai iya danna ta ba." Na juya ta gefe. "Dubi ratar nan. Ka ga ɗan ƙaramin yatsana? Shi ne mafi rauni a hannuna, shi ne kusan ƙarfin da ya rage wa Abba. Duba." Na danna da shi iya ƙarfina. Tsirkiyar ta yi wani zizz kamar ƙuda a kwalba.

Mai gemu ya dawo da jaka, murmushinsa ya ɗan karkace. "Hajiya, wannan fa sai wanda ya sani. Ki bar mu da Oga."

Na zari takardar talla a kan teburinsa, na zura gefenta ƙarƙashin katakon da ke riƙe da gindin tsirkiyoyin. Ta shige har rabi.

"Wannan ma sati biyu zai saba? Ya fara ɗagowa. Kuma fuskarta ba katako ɗaya ba ne, falle-falle ne aka manna aka rufe da fenti, leƙa bakin ramin ka gani. Ba ƙara muka zo saya ba, malam."

Ya karɓe jitarsa kamar na mari ɗansa.

A mota Mai Awo bai tayar ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon bangon da ke gabanmu.

"Ta ina ake bi zuwa na ukun?"

"Ka bi ta gaban kwaleji ka yi dama." Na nuna masa da hannu. "Hanyar lafiyarta ƙalau."

Ya tayar da mota kawai. Da ma ya yi faɗa.

Warin gam da garin katako ne suka fara tarbata. Komai yana nan yadda na bar shi: benci mai ƙafa ɗaya gajera, gwangwanin ƙusoshi, jitoci marasa tsirkiya a jingine kamar marasa lafiya a layin asibiti. Baba ya ɗago kai, tabaransa a kan hanci.

"A'a! 'Yar gidana! Ashe kina duniya? Na ce ko wani ya sace min ke ko sallama babu." Ya hango Mai Awo a bayana. "Au, ga ɓarawon ma an zo da shi."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan idonsa ya sauka a hannuna.

"Mu ga."

Na buɗe masa tafin. Ya kawo fuska kusa, ya daɗe yana kallon bakin yatsun nan masu santsi.

"Wa ya yi miki wannan ɓarnar? Shekara biyar muka yi muna gina su."

Nan ne hawayen suka zo. Na share da mayafi, na yi masa bayanin Abba a gurguje. Bai yi tambaya biyu ba. Ya shiga ciki ya fito da guda uku, babu mai sheƙi a cikinsu. Ya ƙwanƙwasa fuskar kowacce da gaɓar yatsa yana saurare, kamar mai zaɓen kankana.

"Samari, kai ne mai saye? To je ka bakin ƙofa, taku biyar, ka ba mu baya."

"Na ba ku baya?"

"Ido ɓarawon kunne ne. Kuma jita gaba take jefa muryarta, mai kaɗawa shi ne na ƙarshen jin daɗinta. A shagon nan ba a sayar wa mutum sai ya ji daga nesa. Ke, zauna."

Mai Awo ya auna taku biyar cif, ya juya. Na zauna a bencin, ina kallon bayan farar rigarsa. Wata bakwai ina tsoron ranar da zai ji ni, ga ta ta zo, kuma ko fuskarsa ba zan gani ba.

Kowacce da ɗan ƙaramin yatsa na fara gwada ta. Ta farko muryarta babba ce, amma cikinta ya yi faɗi, mai zaune a kujerar marasa lafiya ba zai rungume ta ba. Ta ukun tana da daɗi a sama, ƙasa kuma ba ta da nauyi. Ta biyun 'yar madaidaiciya ce, launin zuma, da tabon ƙarcewa a ƙugunta, tsirkiyoyinta na roba masu laushi, sun kwanta dab da wuya. Ina ɗora yatsa ta amsa, tas, kamar da ma jirana take.

Sai na manta da kowa. Na kaɗa wani ɗan sauti da na haɗa da kaina tun ina kwaleji, wanda ko suna ban sa masa ba. Yatsuna marasa kanta suka ɗauki zafi, ban tsaya ba. Mai walda na maƙwabta ma na ji ya kashe injinsa.

Na gama. Sautin ƙarshe ya daɗe yana yawo a cikin katakon kafin ya mutu. Mai Awo bai juyo ba.

"Samari?" in ji Baba.

"Ta biyun," ya ce, muryarsa a dushe. Har lokacin bayansa muke gani.

Baba ya ɗan goge ƙashin da gindin tsirkiyoyin ke zaune a kai don su ƙara kwanciya, ya sa ta a tsohuwar jaka mai zif ɗaya. Da za mu fita ya ce min a hankali, "Ki dawo da yatsuna."

Muka iso ƙofar gidanmu. Rana ta karkata, yara suna ƙwallo a layi. Ya kashe mota.

"Wata bakwai," ya ce. "Babu abin da ban faɗa miki ba. Har kukan da na yi a asibiti."

"Mama ce ta ji tsoro. Ni ma na ji. An taɓa fasawa saboda..."

"Ba kiɗan ne ya dame ni ba." Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Kina zaune kina kallo zan kai wa mahaifina abin da zai karya masa zuciya, na tambaye ki, kika ce tana da kyau."

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

"Na faɗa," na ce. "Kuma na dawo na ce kar ka saya. Na san abin da zan iya rasawa, na faɗa."

Ya shiga awonsa. Na ƙirga bugun ƙwallon yaran a jikin bango har goma sha ɗaya. Sannan ya miƙa hannu kujerar baya, ya jawo jakar, ya ɗora min a cinya.

"Ni ban iya saita ta ba, ban san inda zan ɗora masa yatsa ba. Ke kika zaɓa, ke za ki kai. Gobe ƙarfe huɗu. Ba ta ƙofar baya ba, ta falo. Hajiya tana nan."

"Ka san abin da za ta ce."

"Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Amma ni ba zan ɓoye mata wata bakwai ba, ko kwana tara."

"In ta ce a'a fa?"

"Sai mu ji daga bakinta, mu san abin yi." Ya tayar da mota. "In kuma ba ki zo ba, na ji daga naki."

Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu har ya sha kwana.

Mama tana tsakar gida tana kwashe wankin da na bari, wanda ta ƙarasa min don murna. Ta juyo da fara'arta, bakinta a buɗe za ta tambayi zobe. Idonta ya sauka a kan jakar. Ba sai an buɗe ba, siffar jita ba ta ɓuya. Rigar makarantata ta zame daga hannunta ta faɗi a ƙasa.

"Kawo hannun."

Na miƙa. Kowane yatsa da jan layi a bakinsa, na tsakiyan har ya fara bororo.

"Ya gani?"

"Ya ji, Mama. Gobe ƙarfe huɗu zan je gaishe da Hajiya." Na ƙara riƙe jakar. "Da ita."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ratsa ta gefena a hankali, ta tura ƙofar gida, ta murɗa makulli sau biyu, ta zare shi ta ƙulle a bakin zaninta.

Yanzu ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Lahadi. Na goge shuɗiyar rigata, na saita tsirkiya shida, na sa takalmi. Makullin yana nan a ƙugun Mama.